Wace fuska za a yi wa rumbun bayanai idan mai shi ba masanin kwamfuta ba ne?

A Katsina da Daura yau ba a rasa matashin da zai iya haɗa wa makarantar kuɗi, ko kemis, ko ƙungiyar manoma manhajar ajiye bayanai. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina suna yaye masu ilimin kwamfuta kowace shekara, masu dukiya kuma sun fara gajiya da lissafin da yake kwana cikin dogon littafi, wanda ba mai iya karanta shi sai wanda ya rubuta. Sai dai duk wanda ya daɗe yana shiga irin waɗannan wurare ya san yadda abin ya saba ƙarewa. A biya kuɗi, a kawo kwamfuta, a yi ta murna kwana biyu, sannan a wayi gari an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, littafi ya koma mazauninsa a kan tebur. Idan aka bi diddigi, da wuya a tarar cewa rumbun bayanan ne ya gaza. Abin da ya kori mutane shi ne allon da aka ajiye a gabansu.

Kowace manhaja irin wannan gida biyu ce. Akwai rumbun da bayanai suke kwance a ciki, akwai kuma fuskar da mutum yake gani, inda yake cike fom, ya danna maɓalli, ya fitar da rasit. Kamar sito ne da kanta a babban shago: a sito ana jera kaya yadda za su daɗe ba su lalace ba, a kanta kuwa ana shirya su yadda hannun mai sayarwa zai kai gare su da sauri. Maganar sito an daɗe da gama ta. Tun 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fitar da tsarin ajiye bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna, kuma injinan da aka gina a kan wannan tsari, irin su PostgreSQL da MySQL da MariaDB da SQLite, sun nuna, sun kai, kuma kyauta ake samun su. Babu wani shago ko makaranta a jihar nan da bayanansa za su fi ƙarfin ɗaya daga cikinsu. Wahalar zaɓi tana wajen kanta.

Tushen matsalar shi ne maginin manhaja da mai amfani da ita ba da ido ɗaya suke kallon aikin ba. An koya wa magini ya rarraba bayanai: masu saye a jadawali guda, kaya a wani, ciniki a wani, biyan kuɗi a wani, lambobi suna haɗa su. Wannan daidai ne, kuma shi ne yake hana a rubuta sunan mutum ɗaya sau goma da haruffa iri goma. Amma mai kemis a Ƙofar Ƙaura ba ya tunanin jadawali. Abin da ya sani shi ne wata ta zo ta karɓi maganin zazzaɓi kati biyu, ta ba da rabin kuɗi, ta ce sauran sai maigidanta ya dawo daga kasuwar Charanci. A wurinsa abu ɗaya ne ya faru, alhali a cikin rumbu jadawali huɗu aka taɓa. Aikin fuska shi ne ta karɓi abin a matsayin guda ɗaya, ta yi rabon a ɓoye. Abin da masu ba da aiki suke faɗa ba ya wuce irin wannan: "Injiniya, ni dai in na danna in ga wanda nake bi bashi, da abin da ya rage a sito." Wanda ya saurari wannan magana da kyau ya riga ya sami shafin farko na manhajarsa.

Shi ya sa gajeriyar hanyar da ta fi jan hankalin magina ita ce ta fi cutarwa. Akwai kayan aiki irin su phpMyAdmin da suke buɗe jadawalan rumbu tsirara, akwai kuma shafin gudanarwa da Django, wani kayan aikin gina manhaja, yake samarwa da kansa cikin 'yan mintoci. An yi su ne domin masu kula da rumbu, kuma su kansu masu Django sun rubuta cewa shafin nasu na gudanarwar cikin gida ne, kada a mai da shi fuskar manhaja gaba ɗaya. Wanda ya miƙa wa akawun makaranta irin wannan allo ya ɗora masa nauyin sanin tsarin rumbu, ya kuma ba shi ikon goge ajin ɗalibai sukutum da dannawa ɗaya.

Kafin a je ko'ina sai an yi wa Excel adalci, domin shi ne abin da yawancin ofisoshi suka riga suka sani, kuma sabo ba ƙaramin jari ba ne. Idan mutum ɗaya ne yake riƙe da lissafi, layukan ba su wuce 'yan dubbai ba, kuma ba a bukatar a san wa ya canja me, to sau da yawa abin da ya fi shi ne a gyara masa Excel ɗinsa, a kulle ramukan lissafi, a bar shi ya ci gaba. Illarsa ita ce ba ya musu da kowa. Zai karɓi suna a gurbin kuɗi, zai yarda a sake jera sunaye kaɗai a bar sauran gurabe har sunaye su rabu da bashinsu, kuma yana da wata ɗabi'a da ta shafe mu kai tsaye: lambar wayar Nijeriya mai lamba 11 da sifiri take farawa, shi kuwa yana ɗaukar ta a matsayin adadi ya cinye sifirin, haka yake yi wa lambar asusun banki mai lamba 10 idan ta fara da sifiri. Manyan hukumomi ma sun ɗanɗana. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga ƙididdiga ba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Fayil ɗin ya cika, ya zubar da ragowar, bai yi wa kowa gargaɗi ba.

Mataki na gaba a al'adance shi ne Microsoft Access, wanda ya fito a 1992, kuma duk da rainin da matasan magina suke yi masa, har yanzu da wuya a sami abin da ya kai shi saurin haɗa fom da rahoto a kwamfuta guda. Ba ya bukatar intanet, yana hira da firinta ba gardama, kuma akwai nau'insa na gudanar da manhaja kawai wanda ake saukewa kyauta, don haka ba sai an saya wa kowane ma'aikaci cikakken lasisi ba. Iyakokinsa sanannu ne. Windows kaɗai yake bi, ba ya hawa waya, fayil ɗinsa ba ya wuce gigabait 2, kuma ko da yake a takarda yana ɗaukar mutum 255 lokaci guda, a aikace tun mutane ba su kai haka ba yake fara nishi. Abin da ya fi damun mu shi ne fayil ɗin yana iya lalacewa idan wuta ta ɗauke ko haɗi ya yanke ana tsakiyar rubutu, musamman idan kwamfutoci da yawa suna rububinsa ta rauta marar waya, wato na'urar da take haɗa kwamfutoci da juna. Maganin da ƙwararru suka saba yi shi ne a raba shi biyu, fom a kowace kwamfuta, bayanai a wuri ɗaya, ko ma a mai da bayanan cikin PostgreSQL ko SQL Server a bar Access yana aikin fuska kawai. LibreOffice Base yana yin makamancin wannan aiki kyauta, amma masu iya gyara shi a nan kusa ba su da yawa. FileMaker na kamfanin Claris ya fi su kyan gani, sai dai kuɗin lasisinsa da dala ake biya.

A yau yawancin magina sun karkata ga fuskar da ake buɗewa a burauza, wato manhajar duba shafukan intanet. Ana haɗa irin wannan fuska da Laravel ko Django ko makamantansu, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Ba a girka komai a kwamfutar ma'aikaci, gyara ɗaya yana isa ga kowa, waya da kwamfuta duk suna buɗewa, Alhaji yana Kano ko yana Saudiyya zai iya duba cinikin yini. Inda ake kuskure shi ne ɗaukar cewa manhajar burauza dole sai ta zauna a intanet. Ana iya ajiye ta a ƙaramar kwamfuta cikin ofis, a haɗa da rauta, kowa ya shiga ta cikin gida ba tare da an ƙona data ko ta sisi ba. Mutanen jihar nan suna da dalilin da zai sa su riƙe wannan bambanci da muhimmanci. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Jibiya da Dutsin-Ma, aka kwashe watanni a haka. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkar bankuna ta tsaya cak a wurare da dama. Asibiti ko shagon da ba zai iya buɗe lissafinsa ba sai da sabis, a irin waɗannan ranaku ba shi da lissafi. A ganina, duk aikin da ake yi mutum yana tsaye yana jira, wato sayarwa da karɓar kuɗi da ba da magani, ya kamata ya gudana a cikin gida, intanet ya zama na aika kwafi da leƙen maigida daga nesa.

Akwai kuma manhajojin haya da suke alƙawarin gina fuska ba tare da rubuta ko layi ɗaya na umarnin kwamfuta ba, irin su Airtable da Power Apps da AppSheet, wanda Google ya saya a 2020. Suna da sauri ƙwarai, kuma sun dace da gwajin tunani kafin a kashe kuɗi. Amma kuɗinsu na wata-wata ne, a kan kowane ma'aikaci, kuma da dala. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023 lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, ya tarar da ita ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, bayan an saki naira ta nemo wa kanta farashi. Makarantar da kuɗin shigarta da naira yake zuwa, zango-zango, ba ta da yadda za ta bi wannan hawa. NocoDB da Baserow suna ba da irin wannan fuska kuma ana iya girka su a kwamfutar gida kyauta, amma su ma jadawali suke nunawa, don haka sun fi dacewa da ma'aikacin da ya riga ya saba da Excel.

Inda aikin na fita daji ne, kamar rajistar manoma a ƙauyukan Ɓaure da Zango ko bin gida-gida domin rigakafi, an riga an share hanya. ODK, wanda ya samo asali a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, da KoboToolbox da aka gina a kan tsarinsa, suna cike fom a wayar Android ba tare da sabis ba, su adana, su tura idan an shigo gari. Ma'aikatan lafiya da yawa sun riga sun san su, kamar yadda suka san DHIS2 na Jami'ar Oslo da ake tattara alƙaluman lafiya na ƙasa da shi. Ƙarfinsu tattara bayani ne, ba a yi su domin lissafin kaya da bashi da ake sabuntawa kowace sa'a ba.

Ko wanne aka zaɓa, sauƙi ko wahalar fuska a cikin fom take bayyana, kuma nan ne kwafo tsarin ƙasashen waje yake yi mana ɓarna. A ɗauki gurbin suna. Fom ɗin da ya tilasta sunan farko da sunan iyali bai san cewa mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a banki, Mamman a unguwa, a kasuwa kuma ba wanda ya san shi sai da laƙabinsa ko sunan garinsu. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu. Idan wurin nema bai iya kamo mutum da guntun suna, ko laƙabi, ko lambobi huɗu na ƙarshen wayarsa ba, akawu zai gaji ya sake buɗe masa sabon shafi, bayan shekara a tarar da mutum ɗaya da shafi uku, kowanne da bashinsa. Gurbin ranar haihuwa da ba ya barin a wuce shi yana haifar da ƙarya, domin dattijon da bai san ranar ba za a rubuta masa 1 ga Janairu a wuce wurin, alhali da an ba da damar rubuta kimanin shekaru da an sami gaskiya. Adireshi a cikin birni unguwa ce da kwatance, bayan masallacin Juma'a ko kusa da gidan mai unguwa, ba lambar gida da lambar akwatin gidan waya ba. Kwanan wata kuma dole a nuna sunan watan da haruffa, saboda kwamfutar da aka bari a tsarin Amurka tana karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, mai rubutu kuwa 3 ga Afrilu yake nufi. Makarantar Islamiyya za ta so a nuna mata watan Musulunci a gefe.

Ma'auni ma haka. Ɗan kasuwar hatsi buhu yake saye ya sayar da tiya, mai kemis katan yake saye ya sayar da fakiti ko kati ko ƙwaya, kuma yawan tiyar da take cikin buhu ba ɗaya ba ne daga kaya zuwa kaya. Fuskar da ta ce sai kilo za ta sa yaron shago ya riƙa lissafi a ka kafin ya shigar, wanda shi ne ainihin abin da aka sayi kwamfuta domin a huta da shi. Sannan ciniki a nan da tayi ake yi, ana ragi, ana biyan rabi a hannu rabi ta taransifa, ana ajiye kuɗi kafin kaya su iso. Duk wanda fom bai tanadar masa gurbi ba, takarda za ta ɗauke shi, kuma daga ranar da lissafi ya rabu gida biyu, na takardar ne za a yarda da shi.

Batun harshe yana da ɓangare biyu. Rubuta maɓallai da Hausa abu ne mai kyau, matuƙar an yi amfani da kalmomin da ake faɗa a wurin: rasit, bashi, canji, sito, ragi. Fassarar da aka ƙirƙiro a ɗaki takan fi Turancin wahalar ganewa. Ɗaya ɓangaren na fasaha ne. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna bukatar rumbu da fuska duk su kasance a tsarin Unicode, wanda yake ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, kuma MySQL kafin fitowar nau'i na 8.0 a 2018 da tsarin latin1 yake zuwa idan ba a canja ba, wanda yake mai da waɗannan haruffa alamar tambaya. Ko an gyara wannan, sai an koya wa wurin nema cewa Ɗanladi da Danladi mutum ɗaya ne, tun da yawancin allunan rubutu ba su da masu ƙugiya. Saƙon kuskure shi ma harshe ne. Jan rubutu mai lambobi da Turancin injiniyoyi yana sa ma'aikaci ya ɗauka ya ɓata kwamfutar Alhaji, ya rufe, ya yi shiru. Jimla ɗaya ta isa: lambar wayar ba ta cika 11 ba, a duba.

Wani abin da ba a cika faɗa a fili ba shi ne amana. Sau da yawa abin da ya sa mai dukiya ya nemi manhaja shi ne yana zargin akwai yoyo, ma'aikata kuma sun san haka, shi ya sa wasu ba sa son ta yi aiki. Fuska mai kyau tana kare ɓangarorin biyu. Kowa ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa, ko da gajeriya ce irin ta katin banki, maimakon kalma ɗaya da aka manna a jikin allo. Yaron kanta ya ga farashin sayarwa, kada ya ga na sari. Kada a bar kowa ya goge ciniki. A soke shi, sokewar ta zauna da sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi, domin ma'aikacin kirki ma ya sami abin kare kansa ranar da lissafi bai daidaita ba. Wannan ya wuce ladabi yanzu, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta wa kulawa. Asibitin da kowane mai shara zai iya buɗe fayil ɗin majiyyaci yana da abin amsawa.

Idan aka auna duka wannan, ga inda ra'ayina ya tsaya. Wurin da kwamfuta ɗaya ce da mutum ɗaya ko biyu, Access ko ƙaramar manhaja a kan SQLite ta wadatar, kuma laftof ya fi kwamfutar tebur saboda batirinsa yana riƙe aiki idan wuta ta tafi. Wurin da mutum uku zuwa sama suke aiki lokaci guda, fuskar burauza a kan PostgreSQL ko MariaDB, a cikin gida, da shafuka kaɗan waɗanda kowanne aiki ɗaya yake yi. Hanyar gane ko an dace ba ta da tsada: a kawo ainihin wanda zai riƙa amfani da ita, ba maigida ba, a ba shi shafin jiya na littafinsa ya shigar, magini ya zauna a baya ya kama bakinsa. Duk inda ya tsaya yana neman abin dannawa, nan ne gyara yake. Idan shigar da ciniki ɗaya ya fi rubuta shi da biro daɗewa, ranar kasuwa ba za a taɓa kwamfutar ba.

Tambayar da ya kamata mai ba da aiki ya yi tun kafin a yi ciniki ita ce wa zai gyara idan wanda ya gina ba ya nan. Da yawa daga masu wannan aiki ɗalibai ne ko 'yan bautar ƙasa, shekara ɗaya sun bar gari, wasu kuma aiki ya ɗauke su zuwa Abuja ko Legas. Saboda haka kayan aikin da mutum goma suka iya a Katsina ya fi wanda mutum ɗaya ya iya, ko da na biyun ya fi zamani. A rubuta a yarjejeniya cewa asalin rubutun manhajar da kalmomin sirri na rumbu mallakar mai aiki ne, a kuma miƙa masa su a hannu. A sa maɓallin da yake fitar da dukkan bayanai zuwa Excel, domin ko an rabu da magini kada bayanai su zama fursuna. A sa kwafin ajiya ya riƙa fita da kansa kullum zuwa filash ko wata kwamfuta da ba ɗaki ɗaya suke kwana ba, shafin farko ya riƙa nuna ranar da aka yi na ƙarshe da manyan haruffa. Kafin a biya cikon kuɗin aiki kuma, a ɗauki wannan kwafi a gaban mai dukiya, a ɗora shi a wata kwamfuta dabam, a buɗe, a nemo bashin mutum ɗaya a gani ko ya yi daidai da na littafi.